Ba Gara Ce Ta Kashe Maɗacin Inna Ba

Madabo, cikin birnin Kano.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baƙon wuri, Ya haɗa ki da mutanen kirki a aikin gandun dajin da aka tura ki. Ni na ce wa Mamanki ta cusa takardar a can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, don kada ki gan ta sai kin yi nisa da ni.

Ba labarin gida zan ba ki ba, don babu abin da ya faru da ba ki sani ba. Hannuna ma ya daina shiri da biro, ina rubutu ina hutawa. Abu ɗaya ne ya zaunar da ni. Ranar Juma'ar da ta wuce kin yi mini tambaya, na yi miki ƙarya. Kin tsaya a gindin maɗacin tsakar gida, kin ɗaga kai kina kallon rassan da suka bushe, kika ce, "Baba, me ya sami maɗacin Inna?" Na ce miki gara ce. Kika ɗora hannu a kan buhun da na naɗe gindin da shi, kika ɗan jima a haka, sannan kika ce, "To Baba, Allah Ya kyauta."

Ba gara ba ce, Ummi, ni ne. A cikin ƙaramin ambulan da ke tare da wannan takarda akwai irin maɗacin, na ƙarshe da zai bayar, kuma duk doguwar maganar nan a kansa take. Amma ki bar ni in faro daga baya. Kin san babanki, ko kasuwar Kurmi za shi sai ya bi ta lungu.

Fiye da shekara arba'in ina sayar da sassaƙe da saiwa a rumfar da na gada a kasuwa. Da ɓawon itace aka ciyar da ke, da shi aka ɗinka miki kayan makaranta. Kwanakin baya kin zauna kina karanto mini daga wayarki sunayen itatuwan da masana suka ce suna cikin haɗarin ƙarewa, da sunayensu na boko masu karya harshe, kina mayar mini da su Hausa: madobiya, kawo, kaɗanya, maɗaci. Kin ga na rufe ido, kika ce da Mamanki, "Kin gani ko, Baba ya fara gyangyaɗi." Ba gyangyaɗi nake yi ba. Duk sunan da kika kira na san ƙamshin ɓawonsa, na san wanda gizago ke shiga da sauƙi, na san wanda ke zubo da jan ruwa idan an sare shi. Kunya ce ta rufe mini ido, da gajiya.

Kuskurena na farko shi ne raina maganar kakanki Malam Idi. Shi ya koya mini sana'ar, kuma dokarsa ɗaya ce ba ta sauyawa. Ba a sassaƙar itace sai ta gabas da ta yamma. Faɗin tafin hannu, tsawon kamu biyu. Ka yi bisimilla, ka sara, ka kwaɓa laka da kashin shanu ka shafe wurin, sannan ba ka sake komawa kan wannan itacen sai ya sha damina uku. Na taɓa tambayarsa, "Baba, me ya sa sai gabas da yamma?" Ya ce, "Haka na tarar." Na ce, "To idan mutum ya sara ta kudu fa?" Ya dube ni ya ce, "Sai ya zama kai." Bai ƙara ba.

Ni kuwa lokacin ina tashen samartaka, na ɗan zauna a wajen karatu, na ji ana sukar camfi, sai na yanke wa kaina hukunci cewa wannan ma camfi ne. Ina ruwan gabas da maganin zazzaɓi? Da ya rasu rumfa ta dawo hannuna, sai na shiga daji da buhuna. Akwai wani kwari can kudu, maɗaci reras a bakin rafi. Na tuɓe su tas, zagaye, tun daga gindi har inda hannuna ya kai. A yini biyu na tara abin da kakanki yake tarawa a wata guda, na dawo ina jin kaina wani gwani. Bayan damina biyu na koma da buhunan wofi. Suna nan a tsaye, babu ganye ko ɗaya, sun yi fari fat. Na zauna a ƙasa na rasa abin yi. Sai da kika shiga makarantar koyon aikin gandun daji kika yi mini bayanin cewa abincin itace ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, idan aka zagaye shi an yanke masa hanya. Gabas da yamman kakanki dabara ce kawai ta barin kudu da arewa. Bai san yadda zai faɗa ba, amma ya san abin da yake yi.

Don haka inda za ki, za ki tarar da tsofaffi masu dokoki irin wannan. Za su ce ba a sarar itace kaza ranar kaza, ba a shiga wancan kurmin da gatari, ba a tonon saiwa ta ɓangaren rafi. Idan kin tambayi dalili za su ce haka suka tarar. Kada ki yi musu dariyar 'yan boko. Abin da ya saɓa wa addini daban, wannan kin san shi. Amma kafin ki jefar da doka, ki tsaya ki duba me take tsarewa, ko da mai ita bai iya bayani ba.

Ki kuma sani za ki haɗu da irina. Za ki kama mutum da gizago da buhu a gindin itacen da aka hana taɓawa. Ni ma an taɓa kama ni. Wani mai gadin daji, yaro ne a kaina, ya ƙwace mini buhu, ya zazzage shi a ƙasa a gaban mutanen ƙauye, ya kira ni ɓarawon itace. Gaskiyarsa ce, amma abin da na ji kawai shi ne an ci mini mutunci. Mako na zagayowa na koma ta bayan tudu na tuɓe wasu itatuwan da ko bukatarsu ba na yi, don dai in huce. Shi ya koma gida yana ganin ya yi aiki, ni na koma ina ganin na rama, itatuwan ne suka mutu. Wannan abin har yau yana ci mini rai. Idan kin kama mutum, ki fara gaishe shi. Ki hana shi, kada ki sassauta, amma ki ja shi gefe, ba a gaban 'ya'yansa ba. Wanda aka wulaƙanta yana dawowa, kuma ya fi ki sanin hanyoyin dajin.

Kuskure na gaba ba ni kaɗai na yi shi ba, duk layinmu ne a kasuwa, amma wannan bai rage mini nawa ba. Mun san itatuwan nan suna ƙarewa tun kafin a rubuta su a wata takarda. Ta yaya? Ta tafiya. Da ina yaro, da safe ake fita bayan gari a dawo da kaya kafin la'asar. Da na girma sai an kwana. Daga nan kwana uku, daga nan mako. Yanzu ba ma zuwa, jira muke a kawo mana daga wuraren da ban taɓa takawa ba, kuma rabin abin da ake kawowa ba shi ba ne. Itacen da muke kira uwar magunguna, da ake tono saiwarsa nan kusa, yau sai ka bi layi kaf kafin ka ga saiwa ta gaskiya. Kullum muna zaune a rumfa muna cewa kaya sun yi wuya, hanya ta lalace, mota ta yi tsada. Ban taɓa jin ɗayanmu ya buɗe baki ya ce mu ne muke cinye su ba. Ni ma ban ce ba. Da na rasa maɗaci na gaskiya, akwai lokutan da na auna wa mutane wani ɓawon mai ɗaci na yi shiru. Allah Ya yafe mini, su ma ina fatan su yafe.

Ke aikinki duba itatuwa ne da rubuta halin da suke ciki. To ki rubuta abin da idonki ya gani. Idan an tura ki wuri kin tarar da kututture, ki rubuta kututture, ko da wanda ke samanki ya fi son jin cewa daji na nan lafiya. Kuma idan kina son sanin gaskiyar wani itace, kada ki tsaya a ofis kaɗai. Ki shiga kasuwa ki zauna wajen masu sassaƙe, da masu sassaƙa turmi, da matan da ke man kaɗe, ki tambaye su tafiyar kwana nawa suke yi yanzu, da ta kwana nawa iyayensu suke yi. Ba za su ce miki itace na ƙarewa ba, amma ƙafarsu ta sani.

Yanzu bari in shigo gida. Kin san Inna, kakarki da kika ci sunanta, wadda saboda ita bakina bai taɓa kiran sunanki na yanka ba, ita ta dasa maɗacin nan. Da shi ta zo daga ƙauyensu a cikin fasasshen kasko, shekarar da aka kawo ta gidan nan. A gindinsa aka yi mini aski, a gindinsa aka raɗa miki suna. Duk bazara idan 'ya'yansa suka tsage iri ya zubo, sai ta bi tana tsincewa a gefen zane, duk baƙon da ya zo daga ƙauye sai ta damƙa masa ta ce, "Ka je ka binne, kada ka kwana biyu da shi." Muna yi mata dariya, muna cewa Inna ta fara rabon gadonta.

Shekarar da ta rasu na tsince irin da kaina, na cika gwangwanin madara, na ce zan shuka su sadaka gare ta idan na sami fili a bayan ganuwa. Na ɗora gwangwanin a saman kwaba. Yau ne gobe ne, aka yi shekara huɗu. Da na tashi, na roƙi wani abokina gefen lambunsa, na shuka su layi-layi, ina zuwa ban ruwa da kaina. Ko ɗaya bai fito ba. Ashe irin maɗaci ba ya jira, 'yan watanni ne ya mutu a cikin ɓawonsa, yana nan da kyansa a ido. Abin da Inna take nufi ke nan da kada a kwana biyu. Ummi, duk alherin da kika yi niyya, ki yi shi da ɗan abin da ke hannunki a ranar. Ni filin da na jira har yau bai zo ba, ga shi gwiwa ta tafi.

Saura babban, wanda na yi ta kewaye-kewaye don kada in iso shi.

Da maɗaci ya yi wuya a kasuwa, sai unguwa ta tuna akwai guda a gidanmu. Kin san zaman cikin gari. Wanda zai yi sallama a zaure ba baƙo ba ne. Ko wanda kuka yi makarantar allo tare, ko wadda ta yi wa uwarka wankan jego, ko surukin ƙaninka. "Malam, ɗan sassaƙen maɗaci za a taimaka mana da shi, kaɗan, yarinya ce ba lafiya." Wa zai dubi irin wannan ya ce babu, ga itace tsaye kowa na hango kansa daga titi? Ban taɓa karɓar ko sisi a kansa ba, kada ki ɗauka kwaɗayi ne. Kunya ce. Da farko na riƙe dokar kakanki, gabas da yamma, in shafe da laka. Amma damina uku ba ta cika kafin wani ya sake sallama. Gabas ta ƙare, yamma ta ƙare, na zagaya kudu. Mamanki ta yi magana. Ta ce, "Malam, itacen nan fa ba rijiya ba ne." Na ce mata na fi ta sanin itace. Na kuwa fi ta sani, abin da ya sa laifin ya fi girma ke nan.

Daga ƙarshe sai wani ɗan siririn ɓawo ya rage ta arewa, faɗin yatsu huɗu, daga ƙasa har sama. Da shi kaɗai itacen yake rayuwa, kuma na sani sarai. Na yi wa kaina alkawari ko wa ya zo ba zan taɓa shi ba. Kina makaranta lokacin. Sai ga saƙo daga Malam Tanko, malamina da ya biya mini karatu tun daga Fatiha har na sauke. Ya tsufa ƙwarai, ciki ya matsa masa, ya ce a gaya mini maɗacin gidan Inna yake so, don ya san shi na gaskiya ne. Na tafi rumfa na zazzage buhuna, babu na kirki ko ɓalli. Na bi layi, babu wanda zan iya rantsuwa a kansa. In aika wa malamina jabu, ba zan iya ba. In aika a ce masa babu, bakina ya ƙi. Na dawo gida bayan azahar, Mamanki na tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ta ga na ɗauko gizago, ta ajiye rariya, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Sara uku na yi.

Bayan mako biyu na je duba Malam. Ashe 'ya'yansa sun kai shi asibiti tun washegari, an ba shi magani, ya sami sauƙi, alhamdu lillahi. Ina zaune a zaurensa muna gaisawa sai idona ya sauka a kan taga. Ga ƙullin ɓawon da na aika masa yadda na ɗaure shi, ko kwancewa ba a yi ba. Ya bi idona ya ce, "Af, saƙonka ya iso, Allah Ya yi albarka. Da ma cewa na yi idan da hali." Na ce amin. Na fito na rasa ta inda zan bi in koma gida, a unguwar da aka haife ni.

Ban ga laifin Malam ba. Da a ce na je na durƙusa na ce masa, "Malam, saura ɓawon da itacen ke rayuwa da shi," na tabbata da cewa zai yi a bar shi. Ban ba shi damar faɗin haka ba. Na zaɓi in kashe abin da uwata ta dasa a kan in ji nauyin kalma ɗaya a bakina. Daga nan na shafe gindin da laka, na naɗe shi da buhu, duk wanda ya tambaya in ce gara.

To ga abin da ya fi tayar mini da hankali, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Ke kin karanci itace shekara da shekaru. Da kika ɗora hannu a kan buhun nan, yatsunki sun ji inda ɓawo ya ƙare. Na ga fuskarki. Kin gane, kika dube ni, kika ce Allah Ya kyauta, kika rufa mini asiri. Na gode, Allah Ya yi miki albarka, tarbiyyar Mamanki ce. Amma a wannan lokacin kaina na gani a jikinki, kuma na tsorata. Kunyar da ta hana ki kwance buhun, ita ce ta ba ni gizago. A gida ado ce. A wurin aikinki kuwa, wata rana wani dattijo mai furfura kamar tawa zai zo, ko mai unguwar da ya ba ki masauki, ko matar da ta yi jinyarki da kika yi zazzaɓi, su ce guda ɗaya tak za a sara, kawar da kai kawai za ki yi. Ba mugaye ba ne, kuma bukatarsu gaskiya ce. Ki russuna, ki gaishe su, ki nema musu wata mafita idan akwai, sannan ki ce a'a. Za ki ji kamar ƙasa ta tsage ki shige. Ba za ta tsage ba, kuma zuwa jibi kin warke.

Shekaranjiya na gwada. Wani maƙwabcinmu ya yi sallama yana neman ɗan sassaƙe, na fita na ce masa a'a, ba a taɓa itacen nan. Ya ce, "To Malam, ba komai," ya yi gaba abinsa, da la'asar ma muka haɗu a masallaci muka gaisa lafiya lau. Iyakarta ke nan. Abin da na kasa shekara da shekaru ke nan, sai na iya shi a kan itacen da ya riga ya tafi. Na koma ciki na zauna, dariya ta zo mini, ta juye ta zama wani abu daban.

Baffanki Sani ya ce kafin damina za a kira masu inji su sauke shi, kada iska ta kayar da shi kan ɗakuna. Gaskiyarsa ce, ban yi musu ba. Ya ce a wurin za a fitar da ɗaki biyu, a malale sauran da siminti, don gida ya cika. Ke nan ko na shuka a nan babu inda zai tsaya. Bana, da rabin rassansa a bushe, ya yi 'ya'ya fiye da kowace shekara da na sani. Na bi na tsince da kaina, ina dafa bango, na zaɓo masu nauyi na wannan makon. Su ne a ambulan. Kin ce akwai wurin renon itatuwa a inda za ki. Kada ki jira ki gama sabawa da wuri, kada ki jira a ba ki izini na musamman ko fili mai kyau. Ko a ledar ruwa ce ki cika da ƙasa ki binne su a satin nan. Sauran kin fi ni sani.

Na gaji, Ummi, hannu ya ƙi, ga la'asar ta gabato. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko ba irin namu ba ne, ki riƙa kiran Mamanki don ba za ta ce ta yi kewa ba amma tana yi. Ki yafe mini ƙaryar da na yi miki a gindin itacen kakarki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare ki a daji da gari, Ya sa ki gama lafiya ki dawo mana lafiya. Allah Ya jiƙan Inna da Malam Idi, Ya sa abin da hannunki zai shuka ya zama inuwa ga waɗanda ba za su taɓa jin sunanmu ba.

Idan sun tsiro, ki turo hoto a wayar Mamanki in gani. Idan kuma ba su tsiro ba, shi ma ki faɗa mini yadda yake. Kada ki ce mini gara ce.

Wassalam. Ni ne mahaifinki mai sa miki albarka kullum.